Manaja da Baƙin Aro

In ka shiga layin da ke gangarawa bakin teku ka tambayi Manaja, ko akuya za ta nuna maka shi. Ba wai masaukin da yake kula da shi wani babba ne ba. 'Yan ɗakuna ne a jere, da tsakar gida mai bishiyar kwakwa, da kanta na katako a bakin ƙofa inda ake karɓar baƙi. Masaukin ma na surukarsa ne. Amma in ka ji shi yana magana, sai ka rantse shi ya haƙa tekun da hannunsa ya zuba masa ruwa.

A da garin ba ya rabuwa da 'yan yawon buɗe ido. Su zo daga ko'ina, su shanya jikinsu a kan yashi kamar wanki, su hau kwale-kwale, su sayi hula da tsada suna godiya. Sai aka yi zaɓe, aka faɗi sakamako, rabin gari suka ce ba su yarda ba. Aka fita zanga-zanga, aka ƙona tayoyi, aka banka wa wata motar safa wuta a kwanar layin. 'Yan sanda suka yi ta harba barkonon tsohuwa, aka hana taro, aka hana fita. Baƙi suka tsere, wasu ko takalmi ba su tsaya ɗauka ba. Daga baya abin ya lafa, kasuwa ta buɗe, amma baƙi suka ƙi dawowa. Masu kwale-kwale suka kife jiragensu a kan yashi, masu masauki suka koma korar ƙuda.

Manaja kam ya samu sabon labarin bayarwa. Kullum yana shagon mai aski, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ranar da abin ya yi tsanani," in ji shi, "ni kaɗai na tsaya a tsakiyar titi. Jama'a kamar ƙasa suka nufo layin nan. Na ɗaga hannu ɗaya na ce, kai, nan wurin baƙi ne! Sai ka ga sun juya kamar tumaki."

Tela, wanda shagonsa ke jikin na mai aski, ya leƙo da allura a baki. "Jiya hannu biyu ka ce ka ɗaga."

"Ɗayan na riƙe da wani baƙo da ya suma."

Mai aski ya ce, "Ni dai matarka ta ce a ɗakin wanki ta same ka, ƙarƙashin zannuwan gado."

"Gadinsu nake yi. Ai lokacin rikici ake satar zanin gado."

Wata safiya surukarsa ta zo duba masaukinta. Ita ba ta yi masa magana kai tsaye, ko yana tsaye a gabanta ta bakin 'yarta take bi. Ta zaga ɗakunan, ta shafa yatsa a kan tebur, ta duba yatsan.

"Gaya wa mijinki," ta ce, "na gaji da shimfiɗa wa gizo-gizo katifa. In wata ya ƙare ban ga baƙo ba, mai siminti zan ba wurin ya yi sito."

Manaja ya russuna. "Mama, ai baƙi suna hanya."

"Gaya masa tun bara suke hanya."

Ba ta daɗe da fita ba waya ta yi ƙara. Wata mata ce, wakiliyar wani kamfani da ke kawo 'yan yawon buɗe ido mota-mota. Ta ce ran Asabar za ta zo ta ga garin da idonta. In ta ga hankali ya kwanta, kamfaninsu zai ci gaba da turo baƙi, kuma da layinsu za ta fara.

Manaja ya ajiye waya ya nufi shagon mai aski da gudu, ya sa aka kirawo tela, da mai kifi, da mai kwale-kwale, da mai fenti.

"Ku saurara ku ji abin da ake kira basira," ya ce. "Baƙo ba ya son ya zama shi kaɗai. In ya leƙo ya ga babu kowa, sai ya ce akwai abin da ya kori mutane. In ya ga wuri a cike, ko harbi ake yi sai ya nemi ɗaki. Saboda haka ran Asabar masaukina zai cika."

"Da wa?" in ji mai aski.

"Da ku."

Mai kifi, wata ƙatuwar mata mai muryar da ake ji daga kasuwa har bakin ruwa, ta riƙe ƙugu. "Mu ne baƙin?"

"Ku ne. Daga ƙasashen waje."

"Baƙi suna wanke kwano?"

"Ba sa wankewa."

"To na yarda."

Ya buɗe ɗakin ajiya ya fito da kayan da baƙi suka gudu suka bari: manyan huluna, baƙaƙen gilasai, riguna masu zanen furanni, da gajerun wanduna. Ya miƙa wa tela wani gajeren wando ja.

Tela ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar mushen ɓera. "Ni da jikoki? In fito da gwiwoyina waje?"

"Kai fa kake ɗinka wa mutane irinsa."

"Ɗinkawa daban, sakawa daban."

Aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe tela ya yarda zai saka, amma a kan dogon wandonsa. Manaja ya dube shi sama da ƙasa ya ce ba laifi, akwai ƙasashen da haka suke yi.

Daga nan ya raba aiki. Mai kwale-kwale zai tara masu jirage, da 'yan tasi, da masu talla, su taru a bayan kasuwa su jira. Da zarar Manaja ya kira shi, sai su taho a jere su yi wa wakiliya maraba. Wasu kuma su hura wuta a bakin ruwa su gasa mata kifi. Mai fenti zai rubuta allunan maraba da za a ɗaga. Motar safar da aka ƙona kuwa, Manaja da kansa ya lulluɓe ta da zannuwan gado, ya jera tukwanen furanni a gindinta.

"Sannan ku ji doka," ya ce wa baƙin nasa. "Kada wanda ya ce rikici, kada wanda ya ce zanga-zanga, kada wanda ya ce hayaƙi."

"In ta tambaye mu fa?" in ji tela.

"Ku baƙi ne, ba kwa jin yarenmu. Kowa ya yi shiru. In abin ya matsa, mai aski ya yi wani yare, ni in fassara."

Ran Asabar da sassafe baƙin aro suka tare. Kafin rana ta ɗaga sun fi baƙin gaske iya baƙunta. Mai kifi ta miƙe a kujerar shan iska tana buga ƙararrawa, ta ce tawul ɗin da aka ba ta ya yi kaushi. Tela ya shanye shayi ya ce a ƙaro, da madara sosai. Mai aski ya ci ƙwai da biredi, ya ce a ƙasarsu sau biyu ake karin kumallo, sannan ya sulale ya tafi shago wai zai yi aski ɗaya ya dawo. Sai da Manaja ya je ya jawo shi da riga.

Matar Manaja ta fito daga kicin tana share gumi. "Maigida, tun da aka gina masaukin nan ban taɓa ganin baƙi masu ci irin waɗannan ba."

"Jari ne, uwargida. Ke ba ki san kasuwanci ba."

"Na dai san ƙwai ya ƙare."

Da hantsi mai tasi ya sauke wakiliya a kwanar layin. Siririyar mata ce mai gilashi, ba ta da yawan fara'a, waya a hannu tana ɗaukar hoton duk abin da ta gani. Manaja ya tarye ta cikin kwat ɗin da ya yi masa kaɗan, yana washe baki.

"Barka da zuwa, ranki ya daɗe! Barka da zuwa garin da ko kare ba ya haushi!"

Bai rufe baki ba iska ta taso daga teku ta yaye zani guda daga jikin motar safar. Baƙin ƙarfe ya bayyana, tagogi babu gilashi, kujeru sun zama waya.

"Wannan fa?" in ji wakiliya.

"Aikin fasaha ne. Wani shahararren mai zane ne ya yi mana."

"Da wuta?"

"Salon da ake yayi kenan yanzu."

Ta ɗauki hoto. Suka shiga masauki, matar Manaja ta kawo mata shayi. A tsakar gida baƙi uku suna kwance a jere, kowa da hula da baƙin gilashi, sun sandare kamar an shanya su. Wakiliya ta matsa kusa da mai aski ta gaishe shi da wani yaren ƙetare. Shiru. Ta canza wani. Shiru. Ta sake canza na uku. Manaja ya taka wa mai aski ƙafa.

"Shalabando kirifisko!" in ji mai aski.

"Daga wace ƙasa yake?"

"Wata 'yar ƙaramar ƙasa ce, can bayan sanyi. Ba kowa ya san ta ba."

"Me ya ce?"

"Ya ce tun da yake yawo a duniya bai taɓa ganin gari mai kwanciyar hankali irin wannan ba."

"Duk a kalma biyu?"

"Yarensu akwai tattali, ranki ya daɗe."

Ta juya wajen tela, ta tsaya tana kallon gajeren wando a kan dogo. Shi kuwa tela idonsa na kan hannun rigarta. Ya yi ta daurewa, ya kasa. Ya miƙa hannu ya kama bakin ɗinkin ya juya shi.

"Wa ya yi miki wannan?" ya ce. "Wallahi ya cuce ki."

Manaja ya fashe da tari. "Ya fara koyon yarenmu! Jimla ɗaya ya iya, kowa ya gani ita yake gaya masa."

Ana haka sai ga wani mutum ya faɗo masaukin, ƙyalle ɗaure a wuya, rabin kansa fes, rabi da gashi.

"Ina mai aski? Tun safe ya zaunar da ni, ya yi rabi ya ce yana zuwa!" Ya ƙura wa baƙon da ke kwance ido. "Kai! Cire gilashin nan, na gane kunnuwanka."

"Kirifisko," in ji mai aski, da ƙaramar murya.

"Kirifiskon gidanku! Tashi ka ƙarasa mini!"

Manaja ya yi wuf ya kifa wa mutumin hula, ya danna shi a kujera, ya cusa masa biredi a baki. "Shi ma baƙonmu ne," ya ce wa wakiliya. "Ya daɗe a nan, rana ta ɗan taɓa shi. Mu je ki ga ɗakuna."

Ɗaki na farko lafiya lau. Na biyu ma haka. Da aka buɗe na uku, wakiliya ta ja da baya ta toshe hanci. Ashe mai kifi ba ta yarda ta yi asarar cinikin yini ba, ta shigo da bahon kifinta ta tura ƙarƙashin gado, da niyyar in an gama baƙunta ta wuce kasuwa. Ƙuda sun riga kowa ganewa.

"Iskar teku ce," in ji Manaja, idonsa na ruwa. "Musamman muke shigo da ita wannan ɗakin. Akwai baƙin da ba sa iya barci sai da ita."

Wata kyanwa ta fito daga ƙarƙashin gadon da kifi a baki, ta bi ta tsakanin ƙafafunsu ta wuce.

"Ita ma baƙuwa ce?" in ji wakiliya.

Kafin ya samo amsa, sai aka ji wata ƙara, tau! Janaretan maƙwabta ne ya yi tari, kamar yadda yake yi duk lokacin da aka tayar da shi. Amma kunnuwan mutanen layin ba su manta da watannin baya ba.

"Wayyo Allah, sun dawo!" in ji mai kifi, ta yi jifa da hula ta rungume bishiyar kwakwa.

"Ku rufe ƙofa! Ku rufe ƙofa!" mai aski ke ihu, yana rarrafe.

Tela ya shige ƙarƙashin kujerar shan iska yana salati, mai rabin kai ya haɗiye biredinsa ba shiri. Wakiliya ta waiga ba ta ga Manaja ba. Sai can ta hango takalmansa sun leƙo daga ƙarƙashin kanta na karɓar baƙi.

"Malam Manaja," ta ce, "baƙinka sun iya yaren gari da sauri."

"Alƙalamina ne ya faɗi," in ji murya daga ƙarƙashin kanta.

Ya fito yana kaɗe gwiwa. Wakiliya ta cire gilashinta ta goge, har ta ɗan yi murmushi.

"Bari in gaya maka gaskiya. Ni ban zo neman garin da ba a taɓa rikici ba. Kowa ya san an yi, mun gani a talabijin. Abin da nake so in sani shi ne ko ya wuce. Tun daga tasha na ga kasuwa na ci, yara na zuwa makaranta. Ɗakunanka ma suna da tsafta, ban da na kifin. Ka sallami maƙwabtanka su koma sana'arsu, ka bar ni in zaga ni kaɗai, ina ganin za mu daidaita."

Matar Manaja, da ke tsaye a ƙofar kicin, ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah. Tela ya fara zare gajeren wando. Da Manaja ya ce to, da shi kenan.

"Ki zaga?" ya ce. "Ke da kanki, a ƙasa? Haba, ranki ya daɗe! Ai garin ne zai zo wurinki."

"Maigida," in ji matarsa, "don Allah ka bari."

Ina, ya riga ya danna waya. "Mai kwale-kwale? Ku taho!"

Ya ɗauko lasifikar da ya aro, ya rataya wani jan ƙyalle a kafaɗa, ya ja wakiliya zuwa bakin ƙofa. Daga bayan kasuwa aka fara jin hayaniya. Sai ga jama'a sun ɓullo, masu jirage da filafilansu a kafaɗa, 'yan tasi na danna oda, masu talla, da duk wani mai zaman banza da ya ji an ce za a raba gasasshen kifi. Suna ɗauke da alluna: MARABA DA BAƘI. GARINMU LAFIYA. KU DAWO MUNA KEWARKU.

Manaja ya duba ya ga babu wurin da ya dace da shi sai sama. Ya taka tukunyar fure, ya kama taga, ya haye rufin motar safar.

"Jama'a!" ya yi kira a lasifika. "Mun gaji da zama haka ko ba mu gaji ba?"

"Mun gaji!"

"Su dawo ko kada su dawo?"

"Su dawo!"

"Ban ji ba!"

"SU DAWO!"

A bakin ruwa kuwa, masu gashin kifi sun yi ta fama da ɗanyen itace ya ƙi kamawa. Wani mai dabara a cikinsu ya ce ya san abin da ke ci da wuri, ya mirgino tsohuwar taya ya jefa. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe ya miƙe sama, ana hango shi daga kowace unguwa.

Akwai kuma abin da Manaja bai sani ba. Mai fenti mutum ne mai tattalin katako. Da aka ce ya yi alluna, bai sayi sababbi ba, sai ya kwaso waɗanda masu zanga-zanga suka zubar a kwata, ya wanke, ya yi rubutunsa a gefen da babu komai. Duk wanda ke gaban taron maraba yake karantawa. Motar 'yan sanda kuwa ta baya ta ɓullo.

Sufeton da ke gaban motar ya ga taro alhali ba a ɗage dokar hana taro ba. Ya ga baƙin hayaƙi. Ya ga mutane da sanduna a kafaɗa. Ya ga wani mai jan ƙyalle a kan ƙonanniyar mota yana ihun sun gaji, su dawo. Ya karanta allunan: BA MU YARDA BA. A SAKE ZAƁE. KU SAUKA.

"Ai kuwa," in ji Sufeto. "Ku ba su guda ɗaya."

Gwangwanin barkonon tsohuwa ya faɗo tsakiyar titi yana huci. Taro ya tarwatse. Aka zubar da alluna, aka zubar da filafilai, takalma suka rabu da masu su. Ƙofar da ke buɗe mafi kusa ita ce ta masauki, don haka kowa can ya nufa. Suka cika tsakar gida, suka cika ɗakuna, wasu a ƙarƙashin gado, wasu a banɗaki, wani ya faɗa cikin bahon kifi. Iskar teku ta kwaso hayaƙin ta biyo su har ciki, aka haɗu ana tari ana hawaye kamar gidan makoki.

Manaja ya juya zai sauko, rufin motar da wuta ta riga ta cinye ya ce bai san zance ba. Ya burma har ƙugu, ƙafafu na lilo a cikin mota, kafaɗu a waje. Lasifikar na manne a bakinsa, kuma a kunne take.

"Uwargida!" Muryarsa ta karaɗe layin har bakin ruwa. "Uwargida, ki zo! Wandona ya kama ƙarfe!"

'Yan sanda biyu suka hau suka zaro shi kamar rogo, rabin wandon ya zauna a motar. Aka tsayar da shi a gaban Sufeto, jan ƙyalle a kafaɗa, lasifika a wuya. Da hayaƙi ya lafa, mutane suka fara leƙowa daga tagogi da ƙofa.

"Wa ya haɗa wannan taron?" in ji Sufeto.

Yatsun layin gaba ɗaya suka nuna wuri guda. Har mai rabin kai.

Sufeto ya juyo. "Kai ne jagora?"

Manaja ya dubi hagu, ya dubi dama. Ya tsinci wata hular baƙi da ta faɗi a ƙasa ya kifa a kai.

"Shalabando kirifisko," ya ce.

"Me ya ce?"

Wakiliya ce ta amsa. Tana zaune a bakin kwata, gilashi a hannu, idanu jajir, ta toshe hanci da jan gajeren wandon da tela ya jiƙa mata. "Cewa ya yi bai taɓa ganin gari mai kwanciyar hankali irin wannan ba."

Daidai nan surukarsa ta iso, don hayaƙin ya kai har unguwarsu. Ta dubi ƙofar masaukinta da aka ɓalle, da tukwanen furen da aka tattake, da zannuwan gadonta a cikin kwata.

"Hajiya, kin san wannan mutumin?" in ji Sufeto.

Ta juya wajen 'yarta. "Gaya wa Sufeto mijinki ne. Ki kuma gaya masa kada ya yi gaggawar dawo da shi."

Aka jefa Manaja bayan mota tare da allunan. Wakiliya ta tari tasi, ta ce wa matarsa shayinta ya yi daɗi, kamfani kuma zai kira in Allah ya so. Yadda ta faɗi in Allah ya so ɗin, kowa ya gane.

A ofishin 'yan sanda sai da aka yi ta juya allunan gaba da baya, aka kirawo mai fenti, aka kirawo mai kwale-kwale, kafin Sufeto ya yarda cewa wauta ce ba tawaye ba. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, amma duk da haka ya ce Manaja ya kwana, don ya huce. Washegari ya sallame shi da gargaɗi: in ya sake jin muryarsa ta wuce ta mutum ɗaya, a lasifika ko a rediyo ko a ko'ina, to ya zo da tabarmarsa.

Manaja ya taho gida cikin wandon aro, yana bin gefen katanga. Da ya shawo kwanar layin sai ya tsaya cak. Motoci ne jere a ƙofar masauki, wasu da farantin watsa labarai a kan rufi. Mutane na shiga da fita da kyamarori da igiyoyin waya. Ashe hotunan jiya sun zaga duniya, an ce rikici ya sake ɓarkewa a garin shaƙatawa, 'yan jarida suka yo ca. Babu ɗakin da ya rage, har na kifin an kama.

Nan take kafaɗunsa suka dawo wurinsu. Ya shiga yana taku ɗai-ɗai. Matarsa ce a bayan kanta tana miƙa makullai, surukarsa na zaune a gefe a kan kujerarsa.

"Kun gani?" ya ce, yadda kowa zai ji. "Na ce zai cika ko ban ce ba? Shirin kenan tun farko. Mutane ba sa gane basira sai ta..."

"Gaya wa mijinki," in ji surukarsa, "jakunkunan baƙi na bakin ƙofa."

Ya dubi fuskarta. Ya koma bakin ƙofa ya sunkuya kan wata ƙatuwar jaka. Sai ga wata 'yar jarida ta matso, mai kyamara na biye da ita.

"Malam, don Allah ko ka san wanda ya jagoranci taron jiya? Muna so mu yi hira da shi kai tsaye. Duniya gaba ɗaya za ta gan shi."

Manaja ya saki jakar ya miƙe. Duniya gaba ɗaya! Ƙirjinsa ya kumbura, ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya. Mai aski da tela suka leƙo daga shagunansu. Ya ɗaga hannu ɗaya, ya ja numfashi.

Motar 'yan sanda ta shawo kwana a hankali. Sufeto na gaba, gwiwar hannu a kan taga, yana kallonsa.

Manaja ya ƙarasa ɗaga hannun ya sosa ƙeya. Ya sunkuya ya ɗora jakar a ka.

"Wallahi ni ma labari na ji," ya ce. "Wane ɗaki za a kai?"